RA'AYINMU: Kwana Shida da Kwalekwalen Dufuna

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin ɗalibai, musamman masu karatun ilimin halittu da na duwatsu: shin labarin halittar duniya da ke farkon Littafin Farawa tarihi ne tsantsa, ko kuwa misali ne da aka buga domin koyarwa? Mun ga ya kamata mu tsoma baki, gama al'amarin ya wuce hirar ɗakin kwana. Sau da yawa ɗalibi yakan rubuta amsa ɗaya a takardar jarrabawa, ya furta wata dabam ran Lahadi, alhali bai riƙe ko ɗayansu da zuciya ɗaya ba. Wannan baki biyu yana lalata ilimi, yana kuma lalata bangaskiya.

Mu fara da abin da ƙasa ta nuna. A 1650 Akbishop James Ussher na ƙasar Ayilan ya lissafta shekarun zuriyoyin da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya ce an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Almasihu. A 1987 kuwa wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale wanda awon masana ya ba shi kimanin shekara 8,000. Ke nan bisa lissafin Ussher an sassaƙa shi kusan shekara 2,000 kafin a halicci itace. Ita duniyar kanta masana sun auna mata wajen shekara miliyan 4,500.

Sai mu koma ga nassin. A sura ta 1 ba a yi rana da wata ba sai a kwana na huɗu, amma an riga an ƙidaya maraice da safiya har sau uku. A can tsire-tsire da dabbobi sun riga mutum zuwa. A sura ta 2 kuwa namiji aka fara ginawa da ƙasa, sa'an nan aka ambaci gonar da dabbobi, daga ƙarshe mace. Wanda ya jera surorin nan kafaɗa da kafaɗa ba makaho ba ne. Da jadawalin kwanaki yake nufi, da ya daidaita su.

Kada a ce wannan fahimta ƙirƙirar Turawa ce bayan littafin Darwin na 1859. Tun a ƙarni na 3 Origen, malamin Iskandariya ta Masar, ya tambayi yadda za a yi yini ba rana. Augustine, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, wanda ya rasu a 430, ya gargaɗi Kirista kada ya yi shirme a kan taurari da halittu da sunan Littafi, har arne mai ilimi ya yi wa Littafin dariya. Dukansu biyu 'yan Afirka ne.

Masu riƙe da tarihi tsantsa suna da hujjar da ba za a raina ba. Luka ya kai salsalar Yesu har ga Adamu, Bulus kuma ya gina koyarwarsa a kan Adamu a Romawa sura ta 5. Suna tsoron idan an zare tubali ɗaya, gini duka ya rushe. Amsarmu ita ce misali ba ƙarya ba ne. Sa'ad da Annabi Natan ya ba Sarki Dauda labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa, ba wanda ya nemi sanin launin tunkiyar, amma gaskiyar da ke ciki ta durƙusar da sarki.

Saboda haka matsayinmu shi ne: cewa Allah ne Mahalicci, cewa rana da wata bayinsa ne ba abin bauta ba, cewa namiji da mace darajarsu ɗaya a gabansa, waɗannan su ne saƙon. Kwana shida da jerinsu kuwa kwarya ce da aka zubo saƙon a ciki. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin addini su daina kafirta ɗalibi don ya yi tambaya, malaman kimiyya kuma su daina mai da aji wurin ba'a ga mai ibada. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu dace.