Sanarwar Rasuwa Ce Ko Takardar Shaidar Aljanna?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, wata al'ada ta yi mana katutu har wasu masu ilimi sun daina ganin aibinta. Da zarar mutum ya rasa mahaifi ko mahaifiya, sai ya sayi shafi a jarida, ko ya kai takarda gidan rediyo, ko ya zuba a Facebook tare da hoton mamacin. A jero sarautu da muƙamai, a lissafo 'ya'ya da digirorinsu, wane yana Ingila, wance tana auren wane. Daga ƙarshe a ce marigayi bai taɓa ɓata wa kowa ba, kuma yana can cikin rahamar Ubangiji. Wa ya ba marubucin wannan labari?

Imamu Buhari ya ruwaito cewa da Usman ɗan Maz'un ya rasu a Madina, Ummul Ala'i ta yi masa shaidar cewa Allah Ya girmama shi. Annabi (SAW) ya tambaye ta yadda aka yi ta san haka, sannan ya nuna mata cewa shi kansa fatan alheri yake yi masa. Wannan fa sahabi ne da ya yi hijira, ya kuma halarci Badar. Ina ga mahaifina da mahaifinka?

Haka kuma Abdullahi ɗan Rawaha ya taɓa suma, 'yar'uwarsa Amra ta yi ta kuka tana yi masa kirari, tana kiransa dutsenta. Da ya farfaɗo sai ya gaya mata cewa duk kirarin da ta yi sai da aka tuhume shi, ko haka yake? Da ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, ba ta sake yi masa irin wannan kuka ba. Mu kuwa kuɗi muke biya a buga kirarin.

Kada a yi mana gurguwar fahimta, sanar da rasuwa ba laifi ba ne. Annabi (SAW) da kansa ya sanar da rasuwar Najjashi Sarkin Habasha a shekara ta 9, ranar da ya rasu, ya fita da sahabbai ya yi masa salla da kabbara 4. Alƙali Ibnul Arabi, malamin Malikiyya da ya rasu a 543 bayan Hijira, ya kasa abin gida 3: sanar da dangi da abokai da mutanen kirki sunna ne, kiran taro don alfahari makaruhi ne, sanarwa da kururuwa haramun ce. Mai rubutu ya dubi Allah ya faɗi gidan da tasa takardar ta faɗa.

Wani zai ce ai Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837. Gaskiya ne, kuma faɗin alherin da aka sani ga mamaci abu ne mai kyau. Amma yabo shaida ce, za a tambayi mai ita. Ba mu ce a tona asirin kowa ba, domin an hana zagin matattu. Abin da ka sani na alheri ka faɗa, sauran ka kama bakinka.

Abin takaicin shi ne, wanda mamacin ya fi bukata shi aka fi mantawa: bashi. An taɓa kawo gawar wani mutum ana binsa dinari 3, Annabi (SAW) ya ƙi yi masa salla sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Suratun Nisa'i ma ta gabatar da wasiyya da bashi a kan rabon gado. Sai ga magada sun sayi shafi guda a jarida, alhali tela da magini da mai awo suna jin nauyin buɗe baki a zaman makoki. Ranar sadakar uku da bakwai da arba'in kuwa, waɗanda ba su da asali a Sunna, ba a taɓa mantawa da su a sanarwa.

Saboda haka wanda aka ɗora wa rubutun ya taƙaita: sunan mamaci, lokacin jana'iza da wurinta, roƙon a nema masa gafara, sai sunan wanda duk mai bin marigayi bashi, ko mai ajiya a wurinsa, zai je ya gani kafin a raba gado.