Tsiro mai cin ƙwari ba zai tsare mana garka ba

Ƴan uwa manoma, tun da labarin tsiro mai cin ƙwari ya iso karkara, wasu ke cewa a kawo mana irinsa, mu huta da sauro da ƙwarin garka. Mu dai ba mu goyi bayan wannan shawara ba.

Tsiron gaskiya ne. Masana suna kiran sa Drosera. Sunansa a bakin Turawa yana nufin "raɓar rana". Akwai irinsa wajen 200, mafi yawansu a ƙasar Ostareliya, wasu a Afirka ta Kudu. Ganyensa yana da jan gashi. A kan kowane gashi akwai ɗigon ruwa mai ƙyalli kamar raɓa, amma danƙo ne. In ƙaramin ƙuda ya sauka, sai ya liƙe. Gashin ya lanƙwaso sannu sannu ya rufe shi. Ganyen ya fid da wani ruwa mai narkar da nama, ya tsotse. Wani masanin Ingila, Charles Darwin, ya yi ta ba shi guntun nama da farin ƙwai don ya gane sirrin, har ya wallafa littafi a 1875.

Yunwa ce ta koya masa farauta. Yana fitowa a ƙasa mai laima wadda ba ta da azot, wato abincin shuka da ke cikin takin ure. Abin da saiwa ta rasa a ƙasa, shi ganye ke kamawa a sama.

Renonsa kuwa aiki ne. Takin da ke raya hatsinmu, shi kashe shi yake yi. Ruwan rijiya mai kanwa ma haka. Ruwan sama yake so, ga rana, kuma kada ƙasarsa ta bushe. To, wa ke da ruwan sama cikin randa a Tawa ko Damagaram a tsakiyar bazara?

Ko ya rayu, cinsa kaɗan ne. Yawancinsu ba su wuce tafin hannu ba. Fara ta fi ƙarfinsa. Sauro ɗaya ko biyu da zai kama ba za su hana yaro masassara ba.

Malamin lakwal da ke son nuna wa yara ikon Allah, ya gwada reno da damana, ba laifi. Mai garka kuwa ya daka ƴaƴan dogon yaro, ya jiƙa su kwana ɗaya, ya tace, ya fesa da marece. Yara su kwana cikin sange.