Kulle Totur Kafin Jirgi Ya Tashi

Ƙannenmu masu haɗa ƙaramin jirgi mai rimot, farfela ba ta san yatsa ba. Hannun riga kawai ya ja sandar totur, inji ya tashi, sai jini. Wani abokinmu sai da aka yi masa ɗinki.

A rimot irin RadioMaster, mukan ware makunni ɗaya da zai riƙe totur a -100, ko an tura sanda sama. Ku cire farfela kafin ku gwada shi, domin saiti yakan juye. Rimot ake fara kunnawa, sannan batirin jirgi. Wajen kashewa kuwa, batiri ake fara cirewa.

Ku kuma saita inji ya tsaya in sigina ta yanke. Ku kashe rimot ɗin, farfela a cire, ku gani da idonku.