Karon Giginya A Dandalin Wasan Kwaikwayo

A kowace shekara, ran 15 ga Janairu, Gwamnati takan yi bikin tunawa da mazan jiya, watau sojan ƙasar nan da suka rasu a fagen fama. Akan yi fareti, a busa begila, manya su yi jawabi, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Bayan wata biyu daidai, ran 15 ga Maris, sai wata rana ta zagayo wadda ta fi waccan kusa da mu mutanen Sakkwato, amma sau da yawa takan wuce ba wanda ya ɗaga kai. Ita ce ranar da aka yi karon Giginya a shekarar 1903. Sunan kam bai ɓata ba, gama ga barikin soja na Giginya, ga filin wasa na Giginya, ga makaranta. Amma in ka tsai da ɗan makaranta ka tambaye shi su wane ne suka tsaya a wurin nan, da abin da ya tsai da su, da wuya ka sami amsar da za ta gamsar da kai.

To, a makarantunmu da unguwanninmu, tun daga Ƙanwuri har Mabera da Gidan Dahala, ba a rasa samari masu sha'awar wasan kwaikwayo. Yawancin wasanninsu a kan auren dole ne, ko shaye-shaye, ko allurar rigakafi, kuma duk suna da amfani. Abin da muke so mu duba yau shi ne ko ƙaramar ƙungiya irin wannan, wadda ba ta da doki ko ɗaya balle igwa, za ta iya ɗaukar labarin waɗanda suka ba da ransu a yaƙi, kuma in za ta ɗauka, ta wace hanya. Maganar ba ta tarihi ce kaɗai ba. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane da yawa, a Disamba na shekarar nan kuma aka ƙone matafiya cikin mota a ƙasar Sabon Birni. A Nuwamba na 2024 hukumar soja ta ba da sanarwa a kan 'yan bindigar da ake kira Lakurawa a arewacin wannan jiha. Yaron da ya tashi yana jin irin waɗannan labaru, lalle ne a kula da abin da ake nuna masa game da yaƙi da mutuwa.

ABIN DA YA FARU

Bari mu fara tuna wa masu karatu labarin a taƙaice. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ya hau gadon mulki a Oktoba na 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Bai cika wata huɗu ba sai Turawa suka ci Kano, ran 3 ga Fabrairu na 1903, suka nufo yamma. A Kwatarkwashi suka yi karo da rundunar Kano da ke komawa gida, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada. Ran 15 ga Maris suka ja daga a bayan birnin Sakkwato. Sojansu ba su kai dubu ba, amma suna da bindiga mai ruwa da igwa, mutanenmu kuwa sai takobi da mashi da baka, da 'yan bindigogi kaɗan. Kafin rana ta take tsaka an gama. Waɗanda aka damƙa wa tutar Sarkin Musulmi suka ƙi gusawa daga gindinta har aka kashe su a nan.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Sarkin Musulmi ya zaɓi hijira, ya nufi Gabas, jama'a suka yi ta barin gonakinsu da garuruwansu suna bin sa, talaka da basarake, har da Sarkin Misau Ahmadu. A Burmi, can kusa da kogin Gongola a ƙasar Gombe, aka yi karo a watan Mayu aka kori Turawa. Suka sake shiri suka komo ran 27 ga Yuli, aka yini ana fama, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da mutum fiye da 600, shugaban rundunar Turawa Manjo Marsh shi ma ya mutu a nan. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda garin da ake kira Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau.

Waziri Muhammadu Buhari kuwa, bayan ya shawarci malamai, sai ya komo birni da jama'ar da ta watse. Ran 21 ga Maris, a gaban Gwamna Lugga, aka naɗa Attahiru ɗan Aliyu Babba ya zama Sarkin Musulmi. Daga baya Waziri ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abuta ilmi yana bayyana hujjarsa, watau in malamai da shugabanni duka suka tashi, ba mai tsare wa raunana addininsu da shari'arsu.

SADAUKARWA BA IRI ƊAYA BA CE

Nan ne fa zuciyar wasan take, in ana son a yi shi da gaskiya. Wanda ya tafi ya ba da ransa da gidansa. Wanda ya zauna ya ba da girmansa, ya yarda ya tsaya gaban wanda ya ci shi da yaƙi, ya ɗauki zargin mutane a kansa, domin masallatai su zauna a buɗe, alƙalai su ci gaba da hukunci. Kowane daga cikinsu malami ne, kowane yana da hujja daga littafi, kuma kowane ya san abin da zai rasa. Marafa Muhammadu Maiturare ya yi yaƙi a Giginya, kuma shi ne ya zama Sarkin Musulmi a 1915 ƙarƙashin mulkin Turawan nan da ya yaƙa. Waziri Junaidu, wanda muke taƙama da ilminsa na tarihi, ɗan Waziri Buhari ne. Saboda haka wasan da zai yi wa ɗaya kirari ya mai da ɗayan matsoraci ya cuci tarihi, ya kuma cuci 'yan kallo, domin ya ɓoye musu cewa mutumin kirki yakan sami kansa tsakanin hanya biyu waɗanda kowace akwai ɗaci a cikinta.

Akwai kuma wani abu mai nauyi wanda ba a cika faɗa ba. Sojan da suka harba bindiga a Giginya da Burmi, in ka ɗebe hafsoshi, baƙar fata ne, da yawansu kuwa Hausa suke ji. Wasu bayi ne da suka gudu, wasu neman abinci ya kai su. Bayan shekara 40 rundunar nan ce dai aka kwasa zuwa ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, suka sha wuya a dazukan Arakan da kogin Kaladan daga 1943 zuwa 1945, shi ya sa har yau muna da bariki mai suna Dalet a Kaduna da mai suna Chindit a Zariya. Mai tsara wasa da ya sa sojan nan ɗaya a dandali, ya bar shi ya faɗi abin da ya kawo shi, ya koya wa yara abin da ba ya cikin littafin aji.

AN TAƁA GWADAWA

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. Wajen ƙarshen shekarun 1990 Ahmed Yerima, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma ya shugabanci ƙungiyar wasa ta ƙasa, ya rubuta wasa mai suna Attahiru a kan wannan labari. Ya kyauta ƙwarai da ya tunasar da sauran Nijeriya cewa Arewa ba ta miƙa wuya a ɓagas ba. Sai dai da Turanci ya rubuta, don haka masu karatun jami'a ne suka fi cin moriyarsa. Jikokin waɗanda abin ya faru a kansu, masu sayar da albasa a kasuwa da masu jima da masu noman fadama, ba su ji shi da harshensu ba.

Alhali kuwa wannan ƙasa ba baƙuwar kwaikwayo ba ce. Tun kafin zuwan boko muna da tashe a watan azumi, da wasan gauta a gidajen sarauta, da 'yan kama a kasuwa. Da boko ya zo, ɗan lardin nan ne, Malam Abubakar Tunau, ya fito da Wasan Marafa a 1949 domin 'yan makaranta. Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Zamanin Nan Namu a 1959. Game da soja kuwa, marigayi Usman Baba Pategi ya shekara da shekaru yana ba mu dariya da Samanja a rediyo da talabijin na Kaduna. Zaman bariki mun gan shi a wasa, mun yi dariya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wasan Hausa mai nuna gidan da aka fita ba a komo ba.

RASHIN DOKI BA AIBU BA NE

Wani zai ce, ina ƙaramar ƙungiya za ta sami dawaki da lifidi da kwalkwali? Mu a ganinmu rashin nan gata ne. Mai kuɗi yakan cika dandali da ƙara da hayaƙi, yara su yi ta ihu, a tashi ba wanda ya riƙe komi sai yadda aka faɗi. Wanda ba shi da kuɗi tilas ya nuna abin da ya faru kafin yaƙi da bayansa, can kuwa ma'anar take. Mutum takwas ko goma, da tabarma biyu, da farin ƙyalle da za a ɗaura a gora a kira shi tuta, sun isa.

A duba irin fitowar da za a iya tsarawa. Ta farko, majalisa a daren yaƙi, ana muhawara a kan abu uku da aka tattauna a lokacin: a yi yaƙi, ko a yi sulhu, ko a yi hijira. Ta biyu, manomi da matarsa a ƙofar rumbu, labari ya zo cewa Sarkin Musulmi ya wuce Gabas, ga damina ta ƙarato, ga tsohuwa ba ta iya tafiya. Ta uku, Waziri a zaune shi kaɗai da alƙalami da tawada. Ta huɗu, wata mace a Sakkwato tana jiran wanda ya tafi Burmi. Ba a bukatar a ga faɗan da ido. Manzo guda mai ƙura a ƙafa ya shigo ya ba da labari, sauran aikin zuciyar mai kallo za ta yi.

Wannan hanya tana warware wata matsala kuma. Zuriyar waɗannan bayin Allah suna nan da ransu a cikinmu, mutane da yawa kuwa ba za su ji daɗin ganin yaro ya naɗa rawani yana kwaikwayon Sarkin Musulmi ba. Ana iya gama wasan duka ba tare da ya fito ba. A ji saƙonsa daga bakin manzo, a ga tutarsa. Tutar ma tana da nata labari, domin Turawa sun ɗauke ta bayan Burmi, sai a 1960 aka mayar da ita hannun Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

INDA HAƊARI YAKE

Dole mu faɗi gaskiya, irin wannan wasa wuƙa ce mai kaifi biyu. In aka mai da shi kirari zalla, aka nuna mutuwa kamar biki, to, an ba masu ruɗin samari abin da suke nema, gama su ma da sunan jihadi da hijira suke farautar 'ya'yan mutane. Maganin wannan shi ne a nuna bambancin a fili. Mutanen Giginya sun tsaya ne bayan shawarar malamai, ƙarƙashin shugaban da jama'a suka yi wa mubaya'a, domin kare gari daga rundunar da ta zo cinsa. Ba su ƙone kasuwa ba, ba su sace matan talakawa ba. Sa'an nan a nuna abin da yaƙi yake bari a baya: marayu, da gonar da ba a shuka ba, da tsohon da ya rasa mai ɗaukarsa. Yaron da ya ga wannan zai girmama sojan da ke tsaron hanyar Isa da Sabon Birni, zai tausaya wa iyalin wanda ya faɗi, amma ba zai yi kwaɗayin jini ba.

AIKIN MALAMAI DA MA'AIKATA

Sauran magana a kanku take, malaman makaranta da ma'aikatan hukuma. Kada a bar samari su tsara labarin daga jita-jita. Ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a cikin gari, ga sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, malami guda ya ɗauki yini guda ya raka su. In an rubuta, a kai wa wani dattijo masani ya duba, a kuma sanar da fada tun da wuri, gama da ladabi ake shiga gidan manya. Hedimasta ya ba da aron aji da benci bayan an tashi, akawun ƙaramar hukuma ya sauƙaƙa takardar izini. In an gama wasa kada a sallami yara nan da nan, a tambaye su: da kai ne, tafiya za ka yi ko zama, kuma wa za ka bari a baya?

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Labarin 1903 gidanmu ne, in ba mu faɗa wa 'ya'yanmu shi da bakinmu ba, wani zai faɗa musu yadda ya ga dama. Watan Maris yana zuwa kowace shekara, makarantar da ta fara shiri tun da kaka za ta same shi a shirye. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi da waɗanda suka zauna, ya kuma ba ƙasarmu lafiya.