A nemi yardarmu kafin a buɗe littafin asibiti

Duk ɗan kasuwar da ke Cadawa, ko Agiye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji ya san darajar littafin bashi. A ciki ake rubuta wanda ya ɗauki buhun gero bai biya ba, da wadda ta karɓi atamfa sai bayan girbi. Mai shagon da ya san mutunci ba ya buɗe wa baƙo wannan littafi. To, jama'a, asibiti ma yana da nasa littafin, kuma sirrin da ke cikinsa ya fi na bashi nauyi: wadda ta yi ɓari, wanda ke shan maganin tarin fuka, yaron da tamowa ta kama.

A da, waɗannan bayanai suna cikin karnen awo da manyan littattafan likita, inda neman suna ɗaya kan ci yini guda. Yanzu zamani ya juya. Ma'aikatar kiwon lafiya ta ƙasarmu tana tattara alƙaluman asibitoci cikin wani tsarin kwamfuta mai suna DHIS2, kuma ko da yake mafi yawansu jimla ce ba sunaye ba, kowa ya ga inda aka dosa. A ƙasashen da kundin kowane majinyaci ya shiga kwamfuta, mai bincike kan nemi a tace masa, alal misali, yara 'yan ƙasa da shekara 2 da aka kwantar saboda zawo, cikin ɗan lokaci sunaye su fito, sannan a gayyaci iyayensu shiga gwajin magani.

Mu ba ma adawa da bincike, don mun ga amfaninsa a jiharmu ta Maradi. A shekarun 2014 da 2015, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF ta gwada wani ɗigon rigakafin zawon yara mai suna Rotasiil a yankin Madarunfa, kan jarirai sama da 3,500. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ya rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da kusan kashi 67 cikin 100, ga shi yana jure zafi fiye da waɗanda suka riga shi. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Ke nan matan karkararmu da suka miƙa jariransu sun taimaki yaran ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba.

Amma idan ba a manta ba, a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, cikin gwajin da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya masu gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya musanta laifi, har aka sasanta a 2009 kan dalar Amurka miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka sa jama'a suka guje wa rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa har ta taɓa yaranmu a nan Nijar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin da muke tsoro shi ne, sauƙin da kwamfuta ta kawo ya sa a riƙa tsallake gaisuwa. Mace ta kai ɗanta awo, ta faɗa wa unguwarzoma ko malamin asibiti damuwarta don a yi mata magani. Ba ta ba da lambar wayarta don wani baƙo ya kira ta ranar kasuwa, tana tsakiyar masu sayen ƙuli-ƙuli, yana ambaton ciwonta ba. Wani sirrin in ya fita, aure ne zai mutu, ko masu ciniki su watse daga rumfa.

Doka tana nan. Tun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, akwai hukumar HAPDP mai sa ido a kai, akwai kuma kwamitin ƙasa da ke tantance kowane binciken lafiya kafin a fara. Sai dai dokar da ke Yamai da Faransanci ba ta kare wadda ba ta san da ita ba.

Don haka muna kira ga hukumomin lafiya da masu bincike. Ma'aikacin da ke duba majinyaci shi ya dace ya fara yi masa maganar, ba a miƙa sunaye ga wasu kai tsaye ba. A yi bayani da Hausa, a gaban shaidar da majinyaci ya yarda da shi. Iznin maigari ko na hakimi yana buɗe ƙofar gari ne kawai, kowane gida sai an yi masa tasa sallamar. In an gama, a dawo a faɗa wa jama'a abin da aka gano.

Mu kuma, 'yan uwa maza da mata, kafin mu dangwala yatsa a takarda mu tambaya: Magani ne ko gwaji? Shin za a ba wasu na gaske, wasu mai kama da shi wanda babu magani a ciki, kamar yadda ake yi a gwaje-gwaje da yawa? In wani abu ya samu yaro, wa zai ɗauki nauyi? Wa zai ga sunana? Mu sani cewa mai cewa a'a yana da haƙƙin a ci gaba da duba shi kamar kowa, wanda ya shiga kuma yana iya fita ran da ya ga dama. Kada kuɗin mota ko sabulu su rufe mana baki. Wadda ke juya ƙwarya sau 3 kafin ta biya, ba ta rasa tambayar da za ta yi a kan lafiyar ɗanta ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya haɗa mu da masu riƙon amana, amin.