Kansilolin Ƙasar Yauri, Ku Karanta Mana Kasafin Kuɗi a Kasuwa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana talakawan ƙasar Yauri, wato mutanen ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, musamman manoma da masunta da 'yan tireda da masu kasa kaya a kasuwa. Maganar kuwa ita ce ta kuɗin ƙaramar hukuma, da wanda ya kamata ya sa musu ido.

Kamar yadda jama'a suka sani, ranar 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamna ba shi da ikon ture zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Kafin wannan hukunci, kuɗin kan fara sauka ne a wani asusu na haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, daga nan a yanke na malaman firamare da na wasu ayyuka, abin da ya saura a miƙa wa ciyaman. Da labarin ya fito an yi ta murna a majalisun hira da tashoshin mota, wai an 'yantar da ƙananan hukumomi. To, shekara guda bayan haka, a 2025, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE tana ta kukan cewa ana jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin.

Ni dai ina goyon bayan wannan hukunci ɗari bisa ɗari. Amma jama'a mu yi wa kanmu faɗa. Ko kuɗin nan sun biyo ta Birnin Kebbi, ko sun sauka kai tsaye a Yelwa da Wara da Shanga, muddin babu mai tambayar nawa aka samu, me aka yi da su, to jakar ce kurum ta sauya hannu. Dattawanmu za su tuna cewa a zamanin mulkin Janar Babangida an taɓa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, amma hakan bai hana kukan almubazzaranci ba. Kuma kada wani ya ɗauka kuɗin 'yan kaɗan ne. Daga kowace Naira 100 da ake rabawa a asusun tarayya, Naira 20 da Kobo 60 na ƙananan hukumomi ne, ban da kasonsu na harajin kayan masarufi. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, yawan Nairar da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai. Mu muka biya wannan ƙari da tsadar mota da ta man injin ban ruwa, don haka muna da bakin tambaya.

Wai shin wa doka ta ɗora wa aikin sa idon? Kansila ne. Kowace ɗaya daga ƙananan hukumomin nan uku tana da mazaɓu 10, ka ga ke nan kansiloli 30 muke da su a masarautar Yauri. Mu nan Birnin Yauri mazaɓa ɗaya ce a cikin Ngaski. Da yawanmu mun ɗauka kansila yaron ciyaman ne, mai raka shi ɗaurin aure da ta'aziyya. Alhali kuwa kansiloli su ne majalisar dokokin ƙaramar hukuma. Ciyaman ya kawo musu kasafin kuɗin shekara, su duba shi layi-layi, su rage, su ƙara, su amince, sa'an nan su bi sawu su ga ko an yi abin da aka rubuta. Suna da ikon kiran ma'aji ko shugaban sashen ayyuka su tambaye shi. Matsayinsu ga ciyaman kamar matsayin majalisar jiha ne ga gwamna. Idan kansila bai karanta kasafin ba, ko ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, to mazaɓarsa gaba ɗaya ce ta sa hannu ido rufe.

Abin da ya sa wannan ya shafi talaka kuwa, sai a dubi ayyukan da tsarin mulki na 1999 ya lissafa wa ƙaramar hukuma. Akwai ginawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayin jama'a. Akwai ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da kwashe shara da maƙabartu. Akwai rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sanya wa tituna suna da gidaje lamba. Akwai ba da lasin kekuna da amalanke da baro da kwalekwale. Sa'an nan tana da hannu a makarantun firamare da ɗakunan shan magani da aikin gona. Malam Edita, ka duba ka gani, ai rayuwar ɗan ƙauye ce ɗungum, daga haihuwarsa har kushewarsa.

Bari in ɗan tsaya kan maganar gidaje, domin a ƙasar nan babu wanda ya kai mu sanin zafinta. Lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Kainji, daga 1964 zuwa 1968, ruwa ya cinye garuruwa da ƙauyuka fiye da 200, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga ƙasar Yauri da ta Borgu. Tsohuwar Bussa ma tana ƙarƙashin tafkin nan. Gungawa da suka gaji zama a tsibirai, suna noman albasa a bakin ruwa suna kamun kifi, aka kwaso su aka zuba a sababbin ƙauyuka cikin gidajen bulo da gwamnati ta gina. Yau gidajen nan sun haura shekara 50. Gidan da aka auna wa magidanci ɗaya da iyalinsa, yanzu 'ya'ya da jikoki ne a ciki, kowa da nasa iyalin. Dole a faɗaɗa, dole a nemi sabon fili. To a ina?

Nan ne ƙaramar hukuma ta shigo. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon ba da izinin mallakar fili a karkara, don noma ko don zama. Idan ta yi aikinta, ita za ta yanka filaye a kan tudu, ta bar hanyar mota da ta ruwa, ta ware wurin makaranta da maƙabarta, ta rubuta sunan kowa a littafi. Idan ba ta yi ba, kowa sai ya gina inda ya samu, wani a kan hanyar ruwa, wani a fadama. Mun ga abin da ambaliya ta yi a Jihar Kebbi a 2012 da 2020, gidajen ƙasa suka zube, shinkafa ta nutse. Bayan kowace ambaliya a kan kawo buhun hatsi da tabarmi da kwanon rufi, muna godiya. Amma kwalbati ɗaya da aka gina da rani ya fi tirelar kayan agaji da damina, rigakafi ai ya fi magani. Tambayar da kansila zai yi a zauren majalisa ita ce: nawa aka ware wa magudanan ruwa bana, a wace unguwa, wane ɗan kwangila aka ba? Filayen da aka yanka, su wa aka raba wa, da wane ma'auni? Fili shi ne abin da ya fi haddasa gaba tsakanin 'yan uwa, kuma duk rabon da aka yi a ɓoye zargi ne ke biyo bayansa, ko da an yi shi da gaskiya.

Sai maganar ruwa. Ba za mu manta da ranar 26 ga watan Mayu na 2021 ba, da jirgin ruwa ya kife a kusa da Wara, mutane fiye da 100 suka halaka, cikinsu har da mata da ƙananan yara, Allah ya jiƙansu da rahama. Hukumomi sun ce lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Na san cewa kula da hanyoyin ruwa aikin hukumar NIWA ce ta tarayya, kuma hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan da ke samar da wutar lantarki daga madatsun ruwa ta yi rabon rigunan ruwa. Amma mashigin da ake lodi a ƙasar ƙaramar hukuma yake, kasuwar da ake zuwa ci tata ce, lasin kwalekwale ma a hannunta yake. Me zai hana majalisar kansiloli ta yi dokar gida, tare da sarkin ruwa da shugabannin masu jirage, cewa kowane jirgi a rubuta iyakar mutanen da zai ɗauka a jikinsa, a sa ma'aikaci a mashigi ranar kasuwa yana ƙidaya, a hana tafiyar dare? Albashin mutum biyu ko uku ne. Wannan bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba.

Na uku, kuɗin shiga. Mai kifi a Yelwa, mai albasa, mai awon hatsi, mai sayar da akuya, direban da ya yi lodi a tasha, kowa yana biyan wani abu ranar kasuwa. Naira kaɗan ce a hannun mutum ɗaya, amma in aka tara ta mako 52 dukiya ce. A zamanin En'e, duk da zafin haraji da jangali, mai biya yakan karɓi takardarsa, kuɗi su shiga baitulmali, ma'aji ya rubuta. Yau ma haka ya kamata. Ɗan kasuwa, in ka biya ka karɓi rasit mai lamba da hatimi. Kansila kuma ya nemi a faɗa masa nawa kasuwar mazaɓarsa ta tara a wata, nawa aka mayar mata wajen rumfa da makewayi da rijiyar burtsatse. Kasuwar da ake tatsa ba a ba ta dusa, wata rana nonon zai ƙafe.

Saboda haka ina ba da shawarwari huɗu, kuma babu wadda take buƙatar izini daga Abuja.

Na farko, da zarar majalisa ta amince da kasafin shekara, a fassara shi da Hausa, a manna a bangon sakatariya da ƙofar fadar kowane hakimi. Ba littafin duka ba, takarda biyu sun isa: ga abin da muke sa ran samu, ga na albashi, ga ayyukan da za a yi mazaɓa-mazaɓa da kuɗin kowanne.

Na biyu, da yake ba kowa ke karatun boko ba, kowane kansila ya tsaya a kasuwar mazaɓarsa sau ɗaya a wata uku, ya karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, da lasifika kamar yadda ya yi lokacin neman ƙuri'a. Inda ake jin Gunganci ko Kambarci ko Shanganci, a samu mai fassara.

Na uku, ranar zaman majalisa a sanar da ita tun da wuri, a bar ƙofa a buɗe, duk mai so ya zauna ya saurara.

Na huɗu, kowane aiki da aka bayar a kafa allo a wurin, a rubuta kuɗinsa da sunan ɗan kwangila da ranar gamawa. Ajin da aka ce an gyara, yaran garin su ne shaida.

Wani zai ce ai sirrin gwamnati ne. Babu wani sirri. Tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace jiha da ƙananan hukumomi a jaridu. Ɗanka mai waya zai iya nemo maka a intanet. Akwai kuma dokar 'yancin neman bayani ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar rubuta takarda ya nemi bayani daga ofishin gwamnati, a ba shi amsa cikin kwana 7. Ƙungiyoyinmu na masunta da 'yan kasuwa da matasa su riƙa amfani da ita cikin ladabi da lumana. Ciyaman mai gaskiya ma wannan kariya ce gare shi, domin in albashi ya cinye rabin kuɗin, ko an yanke wani abu tun daga sama, takarda za ta wanke shi daga zargi.

Daga ƙarshe, laifin ba na shugabanni kaɗai ba ne. Mu talakawa mun mayar da gidan kansila wurin karɓar kuɗin ragon suna da kuɗin magani da na cefane. Mutumin da mutum 50 suka yi wa sammako kowa da buƙatarsa, ina zai samo abin ba su in ba wurin ciyaman ba? Wanda kuwa ya karɓa da hannun dama, ba zai iya nuna yatsa da shi ba. Da ɗakin shan maganin garinmu yana da magani da ma'aikaci, da ba mu je roƙon kuɗin allura ba. Don haka in mun haɗu da kansila, maimakon "ranka ya daɗe a taimaka", mu ce masa "ranka ya daɗe, ina takardar kasafi?" In ya kawo, mu gode masa mu sake zaɓensa. In ya kasa, mu ajiye abin a zuci har ranar ƙuri'a.

Ina kira ga iyayenmu hakimai da dagatai da limamai su sa baki a wannan magana, domin an fi jin tasu. Ban rubuta wannan don cin mutuncin kowa ko don wata jam'iyya ba, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa mu ne masu ɗakin.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye masu tafiya a ruwa da tudu, amin.

Naku mai karatu a kullum,
daga Birnin Yauri,
Ƙaramar Hukumar Ngaski, Jihar Kebbi.