Aikin Mishan Ya Juya Zuwa Ingila

Mutanen dā na ƙasar nan sun san Bature iri uku ne: mai mulki, da na kanti, da na mishan. Na mishan ɗin ma ya riga soja isa Kano, gama a 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller da abokan tafiyarsu suka shiga birnin, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Miller bai fid da rai ba, ya zauna Zariya daga 1905, daga bisani aikin ya ƙaura Wusasa, har aka buga Littafinsu da Hausa a 1932. A lokacin nan Ingila ce rijiya, ƙasashen baƙar fata su ne masu zuwa da tulu. To, yau ga abin mamaki, reshe ya juye da mujiya. Daga Ikko da Ibadan da Ankara ake tashi, a tafi Ingila a yi wa jikokin su Miller wa'azi.

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a 2001 ta nuna mutum wajen 72 cikin 100 suna kiran kansu Kirista. A 2011 suka koma 59, a 2021 kuwa 46, watau karo na fari ke nan da suka kasa rabi. Waɗanda suka rubuta da hannunsu cewa ba su da addini ko kaɗan sun kai 37 cikin 100, mutum fiye da miliyan 22. A Sikotilan abin ya fi haka, don a ƙidayarsu ta 2022 marasa addini sun ɗara rabin jama'a. Wanda ya dubi shekarun mutanen zai ƙara fahimta: tsakatsakin shekarun masu cewa su Kirista ne 51, na marasa addini 32, na Musulmi 27. Addinin yana hannun tsofaffi, tsoho kuwa gobe ba tasa ba ce.

Kada mai karatu ya zaci an hana addini a can. Sarkin Ingila shi ne shugaban Majami'ar Ingila, a cikin majami'a aka naɗa shi a 2023, kuma doka ta ware wa manyan limamansu kujera 26 a majalisar dattawa. Riga tana nan, mai rigar ne ya rame. Masu halartar ibadar wannan majami'a a mako ba su kai miliyan ɗaya ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 55. Gine-ginen da kakanni suka zuba wa dukiya, waɗansu sun zama gidajen kwana, waɗansu mashaya, waɗansu masallatai.

Cikin wannan hali ne 'yan Afirka suka ga ƙofa. Babba a cikinsu ita ce ƙungiyar Redeemed, wadda Josiah Akindayomi ya kafa a Ikko a 1952, Enoch Adeboye ya gaje shi a 1981. Ta sa ƙafa a Landan a 1988 da mutane 'yan kaɗan, yau rassanta a Birtaniya sun haura 700. Manufarta ba ɓoyayya ba ce: a ƙasashen matalauta kada mutum ya yi tafiyar minti biyar a ƙasa bai iske majami'arsu ba, a ƙasashen masu arziki kuwa minti biyar a mota. Taron kwana da suke yi a Landan yakan tara dubban mutane, har Firayim Minista David Cameron ya je musu a 2015 ana gab da zaɓe, mai neman ƙuri'a dai ya san inda jama'a take. Akwai kuma Matthew Ashimolowo, wanda aka haifa a Zariya cikin gidan Musulmi, ya bar addinin iyayensa yana saurayi, ya kafa tasa majami'ar a Landan a 1992, ta zama cikin mafiya girma a Turai ta Yamma. A gundumar Southwark kaɗai, binciken Jami'ar Roehampton na 2013 ya ƙirga majami'un baƙar fata kamar 240.

Dabarar kafawar tana da sauƙi, a nan kuma ƙarfinta yake. Ba a jiran gini, ba a jiran limami mai albashi. Likita ne ko lauya ko direba, sai babban reshe ya ba shi iyali kaɗan, su fara taruwa a ɗakinsa. In sun yi yawa su yi hayar zauren makaranta ran Lahadi, in sun ƙara yawa su sayi tsohon sito ko gidan silima. Kowa yana ba da ushirin abin da ya samu. Sa'an nan su yi rajista a matsayin ƙungiyar taimako, sai hukuma ta riƙa mayar musu da kwabo 25 a kan kowace fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar. Baƙon da ya sauka jiya a cikin sanyi, ba dangi ba aboki, a nan zai sami mai nuna masa ɗakin haya, da hanyar neman aiki, da mai jin harshensa. Wanda ya san zango a Kumasi ya san wannan tsari, maigida da baƙinsa ne aka sa wa wata riga.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Su wa suka cika waɗannan zaurukan? An fito da niyyar mayar da Bature kan addininsa, sai ga shi mafi yawan masu zama a kan kujerun 'yan Afirka ne da 'ya'yansu. Haifaffun Nijeriya da ke Ingila da Wales sun tashi daga wajen 191,000 a 2011 zuwa 271,000 a 2021, haɓakar majami'un kuwa tana bin wannan sawu ne. Ƙidayar majami'un Landan ta 2012 ta nuna masu zuwa ibada sun ƙaru daga 620,000 zuwa 720,000 cikin shekara bakwai, kuma kusan rabin masu ibada a tsakiyar birnin baƙar fata ne. Wannan ba noman sabuwar gona ba ne, dashe ne aka ciro daga wani fadama aka kafa a wani.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san sha'anin wa'azi. Mishan na dā ya iske mutane masu tsoron gaibi, ko mai tsafi ya yarda akwai abin da ya fi ƙarfinsa, ga shi kuma Bature ya zo da asibiti da makaranta a hannu. Mai wa'azin yau ya iske mutumin da hukuma ta riga ta ba shi magani da karatu, wanda ba ya musu, ba ya fushi, sai ya yi murmushi ya ce addini sha'anin mutum ne da zuciyarsa, ya wuce. Mai jayayya ana iya kafa masa hujja, gafalalle kuwa ba inda za a kama shi. Ga kuma bambancin al'ada. Ibadar awa uku da ganguna da ɗaga murya ba ta dace da mutumin da ya saba da sa'a ɗaya cikin natsuwa ba, yawan zancen kuɗi da alkawarin arziki yana sa shi zargi. Wataƙila kuma akwai abin da ba a faɗi: bai saba zama ɗalibi a gaban wanda kakansa ya mallaka ba.

Su Turawan ma ba su naɗe hannu ba. Majami'ar Holy Trinity Brompton ta Landan tun 1985 take ɗibar limami da mabiya da kuɗi ta kai su wadda ta kusa mutuwa, kamar yadda ta yi wa St Peter's ta Brighton a 2009. A 2021 aka yi shelar burin kafa ƙananan majami'u 10,000 kafin 2030, yawanci a hannun waɗanda ba limamai ba, limaman ƙauyuka kuwa suka yi ta gunaguni cewa an bar jaki ana dukan taiki. Masu suka suna cewa da yawa daga masu cika sababbin wuraren daga wata majami'ar suka ƙaura.

Babbar jarrabawar tana kan 'ya'ya. Yaron da aka haifa a Peckham, Turanci ne harshensa, makaranta da abokai da waya suna tare da shi kwana shida, majami'a tana da rabin yini. In ya girma, ko ya riƙe, ko ya koma wata majami'a ta gauraye, ko ya bi sauran tsararsa. Musulmin can sun kai miliyan 3.9, kuma ya zuwa yanzu 'ya'yansu sun fi riƙo, amma iskar da ta kwashe rufin maƙwabci ba ta tambayar gidan wa ke gaba. Uban da ke shirin tura yaro karatu can, ya kamata ya tambayi wa zai riƙe shi kafin ya tambayi kuɗin makaranta.

Sa'an nan ƙofar da ake shigowa ta fara ƙuntata. Tun Janairu 2024 aka hana yawancin ɗalibai baƙi tafiya da iyalinsu, a Maris na shekarar aka hana masu aikin jinyar tsofaffi, a Yuli 2025 kuwa aka rufe ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga waje. Ta waɗannan hanyoyi biyu ne 'yan Nijeriya da yawa suka shiga Ingila a 'yan shekarun nan. Ƙidaya ta gaba a 2031 za a yi ta.